Alamomin wakilci: Yadda tauraro ɗaya ke tsayawa a madadin dubban sunaye a kwamfuta

Duk wanda ya taɓa neman wani fayil a kwamfuta alhali ya manta cikakken sunansa, mai yiwuwa ya yi amfani da alamar tauraro (*), ko kuma ya ga wani yana amfani da ita.

Idan mutum ya rubuta rahoto* a gurbin nema, kwamfuta za ta jero masa duk fayil ɗin da sunansa ya fara da kalmar rahoto, ko mene ne kuwa ya biyo bayanta.

Wannan alama da 'yan uwanta su ne ake kira alamomin wakilci, domin kowacce daga cikinsu tana tsayawa ne a madadin haruffan da ba a ambata ba.

Dabara ce dai da aka shafe fiye da shekara 50 ana aiki da ita, kuma tana nan a cikin manyan manhajojin Windows da Linux da macOS, da rumbunan adana bayanai na bankuna da asibitoci, da ma tsarin adireshin intanet.

Sai dai kwamfuta ba ta san nufin mai ba ta umarni ba, abin da ya rubuta kawai take bi. Hakan ya sa tauraro guda da aka ajiye ba a muhallinsa ba ya sha goge aikin watanni cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ma'anar alamomin

Sunan da ake kiran waɗannan alamomi da shi a Turance an aro shi ne daga wasan karta, inda akan ware wani kati da zai iya maye gurbin kowane kati.

Masu buga Whot a Najeriya sun san irinsa, wato kati mai lamba 20, wanda ake iya ɗora shi a kan kowane kati, sannan mai shi ya nemi siffar da yake so.

A fannin kwamfuta, abu biyu ake gwadawa. Akwai jerin haruffa, kamar sunan fayil ko sunan mutum, akwai kuma samfuri, wato abin da mai nema ya rubuta. Aikin manhaja shi ne ta ce sun dace, ko ba su dace ba.

Tauraro yana wakiltar haruffa ko nawa ne, har da inda babu ko ɗaya. Don haka samfurin ta* zai dace da tafi da takarda da tattabara, haka kuma zai dace da ta ita kaɗai.

Alamar tambaya (?) kuwa harafi ɗaya tak take wakilta. Samfurin ?asa zai dace da masa da wasa da gasa, amma ba zai dace da kwasa ba, saboda haruffa biyu ne suka zo kafin asa.

Sai kuma baka-biyu masu kusurwa, waɗanda ke taƙaita zaɓi ga abin da aka sa a tsakaninsu. Samfurin [mw]asa zai kama masa da wasa kawai, yayin da hoto[1-3].jpg zai kama hoto1.jpg da hoto2.jpg da hoto3.jpg.

Asalin dabarar

Tushen wannan fanni yana komawa ne ga wani masanin lissafi ɗan ƙasar Amurka mai suna Stephen Kleene, wanda a shekarar 1951 ya fito da wata hanya ta bayyana tarin jerin alamomi da ɗan gajeren rubutu. Har yanzu masana na kiran tauraron da ya yi amfani da shi da sunansa.

A shekarar 1968 ne Ken Thompson, wani injiniya a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey, ya wallafa wata maƙala a kan yadda kwamfuta za ta yi amfani da dabarar Kleene wajen neman rubutu.

Shi da abokin aikinsa Dennis Ritchie ne suka jagoranci samar da babbar manhajar Unix daga shekarar 1969.

A bugun Unix na farko-farko, daga na ɗaya a 1971 zuwa na shida a 1975, wata 'yar ƙaramar manhaja ce mai suna glob ke da alhakin ɗaukar samfuri ta mayar da shi jerin sunayen fayiloli.

Daga baya, a bugu na bakwai na 1979, an shigar da wannan aiki cikin ita kanta manhajar karɓar umarni, wadda Stephen Bourne ya rubuta. Amma sunan glob bai ɓace ba, domin da shi masu tsara manhaja ke kiran irin wannan samfuri har gobe.

Ta wani ɓangaren kuma, manhajar CP/M ta ƙananan kwamfutoci, da MS-DOS wadda ta fito a 1981, sun yaɗa tauraro da alamar tambaya a ofisoshi da gidaje. Waɗanda suka koyi kwamfuta a zamanin DOS za su tuna da *.* wanda ke nufin duk wani fayil da ke cikin folda.

Akwai wani bambanci da ya wanzu tsakanin gidajen biyu. A Unix da Linux, manhajar karɓar umarni ce ke fassara tauraro tun kafin umarnin ya isa ga manhajar da za ta aiwatar da shi, don haka ita wannan jerin sunaye kawai take gani.

A allon umarni na gargajiya na Windows kuwa, samfurin ne ake miƙa wa manhajar yadda yake, ita kuma ta fassara shi da kanta.

Yadda kwamfuta ke gwadawa

Manhaja na bin samfuri da jerin haruffa ne tare, daga farko zuwa ƙarshe, harafi bayan harafi. Inda babu tauraro aikin ba shi da wuya: ko dai haruffan biyu su zama ɗaya, ko a samu alamar tambaya a wuce, ko kuma a ce ba su dace ba.

Tauraro ne ke kawo wahala, domin manhaja ba ta san haruffa nawa ya kamata ya haɗiye ba, sai ta gwada.

A ɗauki misalin kalmar makaranta da samfurin m*anta. Harafin m ya dace da m. Daga nan manhaja za ta fara da ɗauka cewa tauraro bai ci komai ba, ta ga a ya dace da a, amma n bai dace da k ba.

Sai ta koma da baya ta ba tauraro harafi ɗaya, wato a, ta sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Ta ba shi ak, nan ma a ya dace amma n ya ci karo da r. Haka za ta yi ta ƙara masa har ya haɗiye akar, inda ragowar anta za ta dace daidai, kalmar kuma ta ƙare tare da samfurin.

Wannan komawa da baya ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne manhajoji suka bambanta da juna.

Hanya mafi sauƙin rubutawa ita ce manhaja ta gwada duk wani rabo da zai yiwu tsakanin taurarin da ke cikin samfuri. Idan tauraro ɗaya ne ko biyu, ba a jin nauyin haka. Amma kowane tauraro da aka ƙara yana ninninka yawan gwajin.

A shekarar 2017 wani injiniyan kamfanin Google mai suna Russ Cox ya auna manhajoji da dama da samfuri irin a*a*a*a*a*a*a*a*b a kan jerin harafin a guda 100.

Tunda babu b a cikin jerin, amsar ita ce ba su dace ba. Amma manhajar da ke gwada kowane rabo sai ta bi hanyoyi fiye da biliyan 14 kafin ta tabbatar da haka. Ya gano cewa wasu sanannun manhajoji sun faɗa wannan tarko, yayin da wasu ke ba da amsa nan take.

Sirrin masu saurin shi ne, da zarar an iso tauraro na biyu, babu buƙatar sake waiwayar na farko. Dalili kuwa shi ne, wurin da aka fara samun dacewa shi ne ya fi bar wa sauran samfurin fili, kuma duk abin da tauraron farko zai ƙara ci, na biyun zai iya cinye shi.

Saboda haka manhaja na buƙatar tuna tauraro na baya-bayan nan ne kawai. Ta wannan hanya, aikin ba zai wuce tsawon samfuri sau tsawon jerin haruffa ba, ko da a yanayi mafi muni.

Bambancinsa da rejeks

Akwai wani salon samfuri da ya fi glob ƙarfi, wanda ake kira rejeks, kuma shi ne magajin aikin Kleene kai tsaye. Manhajar grep, wadda Thompson ya rubuta a farkon shekarun 1970, na daga cikin waɗanda suka yaɗa shi.

Masu koyo kan rikita su biyun, domin alamomi iri ɗaya suke amfani da su amma da ma'ana dabam.

A rejeks, tauraro na nufin a maimaita abin da ya gabace shi sau ko nawa, ɗigo kuma shi ke wakiltar kowane harafi. Ke nan abin da glob ke rubutawa da * shi rejeks ke rubutawa da ɗigo da tauraro a haɗe, wato .* ke nan.

Haka kuma glob na buƙatar samfuri ya dace da suna daga farkonsa zuwa ƙarshensa, alhali rejeks a mafi yawan manhajoji yakan wadatu idan ya samu dacewa a ko'ina a tsakiyar rubutu.

Matsalar komawa da baya ta fi tsanani a rejeks. A ranar 20 ga watan Yulin 2016, shafin Stack Overflow, inda masu tsara manhaja ke yi wa juna tambayoyi, ya tsaya na tsawon minti 34, bayan da wani rejeks ya ci karo da rubutu mai ɗauke da sarari kusan 20,000 a jere.

A ranar 2 ga watan Yulin 2019 kuma, kamfanin Cloudflare, wanda miliyoyin shafukan intanet ke bi ta cikin na'urorinsa, ya saka wata sabuwar doka ta tsaro mai ɗauke da .*.*=.* a cikinta.

Dokar ta cinye ƙarfin na'urorin kamfanin a faɗin duniya, lamarin da ya hana jama'a shiga ɗimbin shafuka na tsawon minti 27.

Daga cikin matakan da kamfanin ya ce zai ɗauka har da komawa ga injin rejeks da ba ya komawa da baya, irin RE2 da Google ya fitar a 2010.

A rumbun bayanai da adireshin intanet

Harshen SQL, wanda da shi ake yi wa rumbunan adana bayanai tambaya, yana da nasa alamomin. A cikin umarnin LIKE, alamar kashi cikin ɗari (%) ce ke aikin tauraro, ɗan layin ƙasa (_) kuma ya yi aikin alamar tambaya.

Ma'aikacin da ke neman duk sunayen da suka fara da Abdul zai rubuta Abdul%, sai rumbun ya kawo masa Abdullahi da Abdulƙadir da Abdulmalik.

Idan alamar ta zo a ƙarshen samfuri, rumbun na iya amfani da fihirisarsa ya tafi kai tsaye wurin da ake so, kamar mai duba ƙamus. Idan kuwa ta zo a farko, kamar %llahi, fihirisa ta yau da kullum ba ta da amfani, sai an bi layukan ɗaya bayan ɗaya.

A manhajar Excel ma ana amfani da tauraro da alamar tambaya wajen nema da tacewa. Wanda ke neman shi kansa tauraron a cikin rubutu sai ya sa alamar ~ a gabansa, yayin da a Unix karkatacciyar sanda (\) ce ke wannan aiki.

A tsarin adireshin intanet kuma, mai shafi na iya sa tauraro a farkon adireshinsa don ya karɓi duk wani ƙaramin suna da aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Wannan ya taɓa haddasa taƙaddama. A ranar 15 ga watan Satumban 2003, kamfanin VeriSign, mai kula da adireshin .com da .net, ya saka tauraro a kansu baki ɗaya, ta yadda duk wanda ya yi kuskuren rubuta adireshi sai ya faɗa wani shafin kamfanin.

Matakin ya rikita manhajojin tace saƙonnin banza, waɗanda suka dogara da sanin ko adireshin mai aiko da saƙo yana nan ko babu. Bayan matsin lamba daga hukumar ICANN, kamfanin ya janye tsarin a farkon watan Oktoban shekarar.

Ɓarnar da aka gani

Hausawa kan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A Unix da Linux, umarnin rm *.tmp zai goge fayilolin da sunansu ya ƙare da .tmp ne kawai. Amma idan yatsa ya zame aka bar sarari tsakanin tauraro da ɗigo, umarnin ya koma a goge duk fayilolin da ke cikin foldar, kuma babu kwandon shara da za a je a tsinto su.

A shekarar 1998, lokacin da kamfanin Pixar na Amurka ke haɗa fim ɗin Toy Story 2, an aiwatar da umarnin gogewa mai tauraro a foldar da aka tara aikin.

A cewar ma'aikatan da suka ba da labarin daga baya, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya salwanta, sannan aka tarar cewa ajiyar ko-ta-kwana ta kamfanin ta daɗe ba ta aiki daidai.

Abin da ya ceci fim ɗin shi ne wani kwafi da ke kan kwamfutar wata babbar jami'ar fasaha, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida bayan ta haihu.

A watan Janairun 2015 kuma, an gano wani kuskure a manhajar wasanni ta Steam a kan Linux. An rubuta umarni ne ya goge duk abin da ke cikin foldar Steam, amma a wasu yanayi gurbin sunan foldar yakan kasance wayam, sai tauraron ya faɗa kan tushen kwamfutar, ya goge duk fayilolin mai ita.

Mafi girman abin da ya shafi wannan fanni shi ne na ranar 19 ga watan Yulin 2024, lokacin da wani sabunta bayanai daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da na'urori masu amfani da Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft.

An soke dubban tashin jiragen sama, kuma ayyuka sun tsaya a asibitoci da bankuna da gidajen talabijin a ƙasashe da dama.

Rahoton da kamfanin ya fitar ya nuna cewa an tsara wani sashe na manhajar ya duba bayanai 21, alhali 20 kawai ake ba shi. Kuskuren ya ɓoye na watanni ne saboda a gwaje-gwaje da dokokin farko, alamar wakilci aka sa a gurbi na 21, don haka ba a taɓa leƙa abin da ke cikinsa ba.

Ranar da aka aika wata doka mai neman takamaiman abu a wannan gurbi, manhajar ta je karanta abin da babu shi, kwamfutocin kuma suka faɗi. A nan alamar wakilci ta rufe aibin ne har ya tsallake gwaji.

Haruffan Hausa

Masu rubutu da Hausa na da tasu matsalar ta musamman, wadda ta shafi haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ da ƴ.

A tsarin UTF-8, wanda mafi yawan shafukan intanet ke amfani da shi, harafin k na cin gurbi ɗaya da ake kira bayit, amma ƙ na cin biyu. Manhajar da ke ƙirga bayit a maimakon harafi za ta ce ?asa ya dace da kasa amma bai dace da ƙasa ba.

Haka nan samfurin [a-z] ba lallai ne ya haɗa da haruffa masu lanƙwasa ba, domin ya danganta da yadda aka saita harshe a kwamfutar.

Tunda mutane da yawa kan rubuta k a maimakon ƙ, mai nema zai fi samun biyan buƙata idan ya rubuta [kƙ]asa, ko da yake zai tarar da kalmomi biyu masu ma'ana dabam a haɗe.

Bambancin ƙa'idar rubutu ma na da tasiri. A Jamhuriyar Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Najeriya kuma 'ya'ya. Samfurin ?a?a zai iya kama na farko, amma na biyun haruffa shida ne a wurin kwamfuta. Haka su ma sh da ts, waɗanda ɗalibin Hausa ke ɗauka baƙi guda, kwamfuta biyu-biyu take ƙirga su.

Wajen sunayen mutane kuwa alamomin na da amfani matuƙa. Samfurin M?hamm?d* zai tattaro Muhammad da Mohammed da Muhammadu a lokaci guda, amma zai bar Mohamed mai m ɗaya a tsakiya, balle Mamman.

Matakan kariya

Ƙwararru kan ba da shawarar a fara duba abin da samfuri zai kama kafin a haɗa shi da umarnin gogewa. A Linux ana yin haka da umarnin ls ko echo, a SQL kuma ana fara gwada sharaɗin da SELECT kafin a sa DELETE.

Yana da kyau kuma a san iyakar tauraro a kowace manhaja. A Unix ba ya kama fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, kuma ba ya tsallakawa daga folda zuwa wadda ke cikinta, sai an yi amfani da tauraro biyu a jere, salon da manhajar Bash ta karɓa a 2009.

Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami a sunayen fayiloli, Windows kuwa a bisa al'ada ba ta bambantawa, don haka samfuri ɗaya na iya ba da sakamako biyu a kan kwamfutoci biyu.

Ga masu tsara manhajar da ke karɓar samfuri daga jama'a ta intanet, ana so su taƙaita tsawonsa, su sa iyakar lokacin da zai ɗauka, su kuma zaɓi hanyar gwaji da ba ta ninninka aiki, domin mai mugun nufi na iya aiko da samfuri mai taurari da yawa da gangan don ya daskarar da na'ura.

Darasin da aka ɗauka daga lamarin CrowdStrike kuma shi ne a riƙa gwada kowane gurbi da takamaiman bayani, baya ga gwajin da ake yi da alamar wakilci.